Aljanin Talabijin Ba Shi da Doka Ne?

Cikin wasannin kwaikwayo da ake nunawa a talabijin akwai wani iri wanda ɗalibai suka fi rububinsa, watau wasan da aka gama ban tsoro da ban dariya wuri guda. Galibi labarinsa ba ya wuce aljani ya shiga jikin wani, ko amarya, ko mai gida, ko ɗan haya, sa'an nan mutanen gida su yi ta faɗi-tashi wajen fitar da shi. A nan ne za ka ga boka ya shigo da taƙama ya fita a guje ba takalmi, mai gida ya haye katanga ya bar iyalinsa, mu kuwa 'yan kallo muna ta ƙyaƙyatawa, ko da yake in an tashi ba mai yarda ya tafi bayan gida shi kaɗai. Ni ma ina cikin masu son irin wannan wasa. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna game da shi, shi ya sa na ga ya kamata in kawo shi cikin wannan mujalla tamu domin 'yan'uwana ɗalibai su duba, musamman 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo. Abin kuwa shi ne, aljanin talabijin ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Abin da ya kore shi yau, gobe shi ne abin wasansa.

Kafin in yi nisa, bari in bayyana irin dokar da nake nufi, don kada wani ya zaci ina maganar dokar hukuma ce, kamar ta Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a Kano cikin 2001. Ba ita ba ce. Dokar da nake nufi ita ce wadda mai tsara wasa ya kafa wa kansa da kansa. In ya nuna mana tun farko cewa aljaninsa ba ya iya tsallake bakin ƙofar da aka zuba wa toka, to, ya ɗaure kansa ke nan. Ba wanda ya tilasta masa ya faɗi haka, amma tun da ya faɗa, mu 'yan kallo mun riƙe, kuma da shi za mu auna duk abin da zai biyo baya. Magana zarar bunu ce.

Tun muna yara aka saba mana da wannan. Gizo yana da tsamin baki, ga wayo, ga haɗama. Kura kuwa ga kwaɗayi ga tsoro. Ran da kaka ta kawo tatsuniyar da Gizo ya yi magana sarai, ya kuma raba nama da Ƙoƙi tsakani da Allah, yaran da ke zaune za su ce mata wannan ba Gizonmu ba ne. Haka abin yake ga manyan 'yan wasa. Iyayenmu suna ba da labarin marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, wanda ya yi tashe a rediyo da talabijin na Kaduna tun cikin shekarun 1970, ya rasu a 2023. Sun ce tun bai buɗe baki ba mutane sun fara dariya, domin sun san irin Hausar barikin da za ta fito da irin zafin sojan da zai biyo ta. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu cikin watan Disamba na 2014, shi ma kowa ya san halin da yake fitowa da shi, mutum mai cika baki wanda dabararsa takan komo kansa. Ashe dai sanin hali shi ke kawo dariya.

Tsoro ma ta wannan ƙofa yake shigowa. Alal misali, a ce an nuna mana cewa layar da ke rataye a bakin ɗaki ita ce kaɗai ta hana aljani shiga. Can sai ga wawan gidan ya zo yana neman abin da zai jinginar ya sha shayi, idonsa ya faɗa kan layar, ya miƙa hannu. A wannan lokaci mai kallo yana dariya kuma gabansa yana faɗuwa, duka biyu lokaci guda, saboda ya san abin da wawan bai sani ba. To, amma in an taɓa nuna mana aljanin ya shiga ɗakin da layar a rataye ba abin da ya same shi, wawa ya cire laya ya sayar mana, ina ruwanmu? Ba dariya, ba tsoro.

Akwai wani wasa da muka bi a ɗakin taro ran Asabar-Asabar cikin zangon da ya wuce. Ba zan kama sunansa ba, don laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. A kashi na farko an nuna aljana ta shiga jikin amarya saboda ta watsa ruwan zafi a bayan ɗaki da almuru ba ta yi bisimilla ba. Wannan daidai ne, kowa ya san an hana. Aka kira malam, yana fara karatu aljana ta kama kururuwa tana cewa ana ƙona ta. A kashi na uku sai ga aljanar nan zaune tana narkar tuwo, ga tsohon gidan kusa da ita yana tilawa da ƙarfi, ko gezau. A na huɗu aka turara mata barkono ta gudu. A na biyar aka sake turarawa, ta ce a ƙaro, ƙamshi take ji. Aljanar da ta ratsa bango ta shiga ɗakin kishiya da dare, ita ce kuma aka kulle cikin ɗakin ajiya da ɗan kwaɗo tana roƙon a buɗe mata. Ita ce ta faɗi asirin kowa na unguwar, har wanda ya ci bashi a Legas, amma yaro ya ɓuya mata ƙarƙashin gado ta yi ta nema ba ta gan shi ba. Daga nan sai ta koyi tsalle daga jikin wannan zuwa na wancan, duk wanda aka mara sai ta koma kansa, abin da ba a taɓa ambata ba tun farko.

A ƙarshe kun san abin da ya fitar da ita? Mai gida ne ya karanta mata kuɗin cefanen wata, ta ce ita ba za ta iya zaman gidan nan ba. Lalle wannan wuri ya ba da dariya, ɗakin taro sai da ya ɗauka gaba ɗaya, kuma na yaba wa wanda ya yi tunaninsa. Amma da an tsare dokar aljanar tun daga farko, aka nuna ta gagari kowa ta hanyar da muka gane, da dariyar ta ninka haka. Yadda aka yi, mun riga mun daina jin tsoronta tun kashi na huɗu, saboda haka fitarta ba ta sauke wa kowa wani nauyi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu tsara waɗannan wasanni ba su rasa inda za su samo doka ba. Bahaushe bai taɓa ɗaukar iskoki a kan wasu abubuwa na barkatai ba. Samuwar aljanu dai ba abin musu ba ne ga Musulmi, ga sura guda sukutum da sunansu cikin Alƙur'ani, inda aka nuna cewa cikinsu akwai Musulmi akwai waɗanda ba Musulmi ba. Ban da wannan kuma akwai abin da mutanenmu suka gada tun kafin jihadi, watau bori. Ba tallan bori nake yi ba. Malamai sun yi hani da shi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da jihadin 1804, kuma hanin yana nan. Na kawo shi ne kurum don a ga yadda ko 'yan bori ba su yarda iska ta yi abin da ta ga dama ba. Mu nan ƙasar Dayi da Malumfashi, inda Maguzawa suka daɗe da zama cikin gidajensu na gona, da wuya ka sami tsoho ko tsohuwar da ba za su iya zayyana maka wannan ba.

A wajen 'yan bori kowace iska tana da suna, da dangi, da gida. Suna cewa birninsu Jangare, sarkinsu Sulemanu. Wani Ba'amurke mai nazarin kiɗa, Fremont Besmer, wanda ya zauna da makaɗan bori na Kano ya fitar da littafi a 1983, ya lissafa gidaje 12 na wannan birni. Mutumin da iska take hawa ana ce masa doki, in mace ce godiya, kuma ba a zama doki haka kawai sai an yi wa mutum girka, wadda takan ci kwanaki. Iska ba ta zuwa sai an kira ta da kiɗanta, da garaya ko goge ko ƙwarya, kuma kowace da nata take. In ta zo, ba sai an tambaye ta suna ba, 'yan kallo da ganin motsin doki sun san ko wace ce. Malam Alhaji tsoho ne, fararen tufafi, yana tafe a duƙe yana tari yana jan tasbaha. Ɗan Galadima ɗan sarki ne, sai ado da turare da caca da kyauta ba lissafi. Kuturu zai dunƙule yatsu yana korar ƙuda da dungu. Sarkin Rafi shi ne mai haukan tsalle, ya tashi sama ya faɗo daɓas da mazaunai. Bebe ba ya magana, kome za a yi masa. Inna kuwa, Bafilatana, ita ake danganta wa shanyewar hannu da ƙafa, har sunanta ya bi cutar nan ta shan inna, wadda yanzu kowa ya san ƙwayar cuta ke kawo ta, kuma da allurar rigakafi aka yaƙe ta har aka tabbatar a 2020 cewa ainihin ƙwayar ta ƙare a Nijeriya.

Tafiyar iska ma da dokarta. In za ta sauka sai doki ya yi atishawa, sa'an nan ya farka ya ce bai san abin da ya faru ba. To, a ce a tsakiyar fage Bebe ya buɗe baki ya gai da jama'a, ko Malam Alhaji ya nemi a kawo masa karta. Nan take tsofaffin mata za su ce ƙarya ne, wannan ba hawa ba ne, borin kunya ne. Kun ga ke nan 'yan kallon ƙauye, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, sun fi mu 'yan sakandare tsananta wa ɗan wasa. Mu kome aka zuba mana a akwati sai mu shanye.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai ruƙiyya, wadda ita aka fi gani yanzu a gari da cikin wasanni. Ita ma a tsare take. Malam yakan karanta Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da wasu ayoyi, wani lokaci a haɗa da ganyen magarya ko man zaitun ko habbatus sauda. In aljani ya yi magana sai a tambaye shi sunansa, da addininsa, da dalilin shigarsa, a yi masa wa'azi, a ɗauki alkawarinsa, sa'an nan a umurce shi ya fita. Babu kiɗa a ciki, babu yanka, babu lallashi da turare da goro. Watau hanyoyin nan biyu sun saɓa tun daga tushe. Ɗan bori yana neman ya shirya da iska su zauna tare har mutuwa, mai ruƙiyya kuwa korar aljani yake yi. Amma a talabijin sai ka ga mutum ɗaya da jan ƙyalle da ƙaho da madubi, ana yi masa goge, can kuma ya juya ya kama karatu, aljanin da ya zo da tarin Malam Alhaji ya koma tsallen Sarkin Rafi, ya ƙare da muryar da aka aro daga fim ɗin Amurka. An yi dambu da fate-fate cikin tukunya ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini a ɗakin kwana: ai wasa ne, a yi dariya a tashi, wa ya taɓa ganin aljani balle ya ce ga dokarsa? Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wadda malaminmu na tarihi ya kawo mana. Baturen nan Murray Last, wanda ya wallafa tarihin Daular Sakkwato a 1967, ya zauna cikin wani gidan Maguzawa a nan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970 yana nazarin yadda mutane ke neman magani. A 1981 ya buga wani rubutu inda ya nuna cewa sau da yawa mutane ba su san ainihin abin da ya kawo ciwo ba, kuma ba su damu su sani ba, masu maganin ma kowa da irin bayaninsa, wannan ya saɓa wa wancan. In haka ne a zahiri, me zai sa a matsa wa mai wasa?

Amsata ita ce, zaman duniya daban, labari daban. Mai jinya bai halicci ciwon da ke damun ɗansa ba, dole ya yi ta lalube, ya je nan ya je can. Mai tsara wasa kuwa shi ya ƙago aljaninsa da alƙalaminsa, ba shi da uzurin cewa bai san halinsa ba. Yana da iko ya ɓoye mana dokar, ya bar mutanen cikin wasan su yi ta lalube kamar yadda ake yi a zahiri, wannan ma shi ne daɗin abin. Amma shi kansa lalle ya san ta, yadda ran da asiri ya tonu mai kallo zai waiwaya baya ya ce, af, ashe shi ya sa!

Ba a hana karya doka ba, in dai da gangan aka karya ta kuma wasan ya san an karya. Cikin wani shahararren fim na ban tsoro da aka yi a Amurka a 1973, mai suna The Exorcist, wani limamin Kirista ya yayyafa wa yarinyar da ake zaton shaiɗan ya shige ta ruwa, ya ce mata ruwan tsarki ne na coci, yarinya ta kama birgima tana ihu. Da ya fito sai ya gaya wa uwarta cewa ruwan famfo ne kurum, kuma wannan ya ƙara masa shakka a kan ko shaiɗan ne da gaske. Dubi nan, abu ya saɓa wa doka, amma mutumin cikin fim ɗin ya lura, ya kuma yi aiki da abin da ya lura. A wasanmu na Asabar ba wanda ya ɗaga kai ya ce, kai, jiya ba barkono ya kore ta ba?

Wanda ya fi kusa da irin namu shi ne fim ɗin Indiya na 2007, Bhool Bhulaiyaa, wanda da yawa cikinmu sun gani da fassarar Hausa. Ban tsoro ne da ban dariya. Kowa a gidan ya gaskata fatalwar wata 'yar rawa mai suna Manjulika ce ta addabe su, sai likitan ƙwaƙwalwa, watau Akshay Kumar, ya zo yana shashanci kamar ba abin da ya iya. A ƙarshe ya gano matar gidan ce ke da ciwon da ke sa mutum ya koma wani mutum daban, ya haɗa kai da malamin addininsu suka shirya mata dabarar da ta warke. In ka sake kallonsa karo na biyu za ka ga duk abin da ya faru tun farko ya dace da wannan bayani. Turawa ma ba kullum suke tsare doka ba. Akwai wasan talabijin na Amurka, Ash vs Evil Dead, da aka nuna daga 2015 zuwa 2018, wanda ya samo asali daga wani fim na 1981. A fim na biyu na jerin, na 1987, duk wanda shaiɗan ya shiga shi ke nan sai a sare shi, amma da ya shiga jarumin sai fitowar rana ta kore shi, karo na biyu kuma ganin sarƙar budurwarsa. Dokar talaka daban, ta jarumi daban. Ba na ba kowa shawarar ya neme shi, jini ya yi masa yawa.

Da a ce abin ya tsaya ga daɗin kallo ne kawai, da ban ɓata takardar mujalla ba. Amma abin da aka gani a akwati ba ya zama cikin akwati. A ƙarshen 1995 wani al'amari ya ɓarke a wasu makarantun 'yan mata na Kano, ɗalibai ɗaruruwa suka riƙa faɗuwa suna ihu, aka yi ta kiran sunan wata aljana wai ita Sumbuka. Waɗanda suka yi bincike suka rubuta labarin sun ce an ga wasu daga cikin 'yan matan suna rawa irin ta fim ɗin Indiya. Ni ba ni da ikon in yanke hukunci a kan abin da ya same su. Abin da na ɗauka kurum shi ne, abin da ido ya saba gani yakan bi mutum har cikin rashin lafiyarsa, haka kuma yakan bi waɗanda suka taru a kansa. Bayan wannan da 'yan watanni, cikin 1996, annobar sanƙarau ta auka wa ƙasar Hausa ta kashe dubban mutane, ita kuwa cuta ce da takan zo da sandarewar wuya da jijjiga da fita hayyaci. Wanda ya koyi cewa duk mai jijjiga aljani ne ya shige shi, a irin wannan shekara zai iya zaunar da mara lafiya a gida har lokaci ya ƙure.

A ɗakin kwananmu ma an taɓa yin irin wannan. Wani yaro ɗan aji ɗaya ya yanke jiki ya faɗi bayan an kashe fitila, jikinsa yana karkarwa, kumfa na fita bakinsa. Kafin a je a taso malamin gida, kowa ya zama gwani. Wannan ya durƙusa yana daka masa tsawa, wane ne kai, faɗi sunanka! Wancan ya ciro yaji daga akwatinsa yana neman ashana. Wani ya kawo cokali zai cusa masa a baki, wani kuma yana cewa a mare shi da silifa, wasu sun ja da baya wai kada yawunsa ya taɓa su. Duk cikinsu ba wanda ya koyi abin da yake yi a wajen malami ko likita, a ɗakin taro suka gani. Bayan kamar minti biyu jijjigar ta lafa, yaro ya yi barci, sai gardama ta tashi, kowa yana cewa maganinsa ne ya ci. Washegari aka kai shi asibiti aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, ga shi nan yanzu yana karatunsa har yana buga ƙwallo.

Ku lura da wani abu a nan. Farfaɗiya galibi takan lafa da kanta cikin 'yan mintoci, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Saboda haka duk abin da aka yi wa mai ita, ko barkono, ko mari, ko tsawa, sai a ga kamar shi ya yi aiki. Daidai ke nan da aljanin talabijin wanda kome yana korarsa. Shi ya sa nake ganin aljani marar doka ya fi mai doka haɗari, domin in ba shi da alamar da aka san shi da ita, to, kowane ciwo zai iya zama shi, kowane abu kuma zai iya zama maganinsa. Abin da likitoci suka ce a yi wa mai farfaɗiya kaɗan ne: a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta a gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa kome a baki, kada a yi masa ɗure. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, ana iya yinta ana cikin mota.

Tun da ba a ganin laifin rawa sai a ce wa mutum ya fito ya taka, ga irin wasan da nake ba ƙungiyarmu shawarar ta yi a bikin ƙarshen shekara. Wani ɗan kasuwar hatsi ne a nan Dayi, yana da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Sai wani aljani Musulmi, wanda ya daɗe zaune a tsamiyar bakin kasuwa yana kallon wannan zalunci, ya shige shi. Dokarsa guda biyu ce rak. Ba ya motsi sai in ɗan kasuwa ya yi ƙarya, nan take sai ya karɓe bakin ya faɗi gaskiyar maganar. Kuma ba zai fita ba sai an mayar wa kowa hatsin da aka tauye masa. Ba ya ratsa bango, ba ya tsalle zuwa jikin wani, bai san gaibu ba, abin da ya gani daga kan tsamiya kurum ya sani. In an turara barkono, ɗan kasuwa ne zai sha tari, shi ba ruwansa. In an kira malam ya yi karatu, sai ya gyara zama ya saurara da ladabi, har ya gyara wa almajirin malam inda ya yi tuntuɓe. Malam ya tambaye shi dalili, ya faɗa, malam ya naɗe buzunsa ya ce, Alhaji, wannan ba aikina ba ne, ka nemo buhuna.

Daga waɗannan dokoki biyu duk sauran wasan zai fito da kansa. Ku ƙaddara ran da matansa biyu suka gane yadda abin yake, suka zaunar da shi suna yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, wa ya fi iya miya, nawa aka sayar da masarar bara. Ku ƙaddara dillalai sun zo daga Funtuwa ciniki, Alhaji ya ɗaure bakinsa da rawani yana magana da hannu. Sa'an nan a fitowa ta ƙarshe ya biya kowa, saura wata tsohuwa mai tiya ɗaya ta dawa wadda ba wanda ya san ƙauyensu, ga ranar ɗaurin auren 'yarsa ta zo, ga surukai za su tambaye shi labarin gida da kasuwa. Na riga na rubuta fitowa ta ɗaya da ta biyu, suna hannun sakataren ƙungiya ga mai son dubawa. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai iya muryoyi biyu, sa'an nan a roƙi baba mai dafa abinci ya ara mana tiya biyu, babba da ƙarama.